Malaika: Waƙar Da Ta Zaga Duniya Ana Gardamar Mai Ita

A cikin waƙoƙin soyayya da aka yi da harshen Suwahili, babu wadda ta yi nisan tafiya kamar Malaika. An buga ta a faifai a Kenya da Amurka da Suwidin da Gini da Jamus, har mutanen da ba su iya ko gaisuwa da Suwahili ba sun haddace ta. Abin da ke cikinta kuwa ba shi da yawa. Saurayi ne yake kiran budurwarsa mala'ika, yana shaida mata cewa yana sonta, da so samu ne da ya aure ta, amma rashin abin hannu ya hana. Duk ƙasar da ake biyan sadaki, ba sai an yi wa kowa bayanin wannan ciwo ba.

Tarihin waƙar kashi biyu ne. Akwai abin da faifai da takarda suka riƙe, wanda za a iya ɗora shi a kan shekara a ce ga shi. Akwai kuma abin da baki ya riƙe, wato labaran da mutane daban-daban suka bayar game da wanda ya fara haɗa ta da yarinyar da aka yi ta dominta. Mai son ya yi wa waƙar adalci sai ya bi duka biyun ba tare da ya cakuɗa su ba, domin a tsakaninsu ne ake ganin yadda na'urar ɗaukar murya ta zama alƙali, ita ke yanke wanda za a tuna da wanda za a manta.

1928 zuwa 1945: Garmaho da soja

A 1928 kamfanin Gramophone na Ingila, mai tambarin His Master's Voice, ya kai Siti binti Saad da makaɗanta daga Zanzibar zuwa Bombay ta Indiya domin a ɗauki muryarta. Siti 'yar ƙauyen Fumba ce, tana rera waƙoƙin taarab da Suwahili a zamanin da fadar Sarkin Zanzibar ta fi ganin girman Larabci. Faya-fayanta sun yi kasuwa a garuruwan bakin teku, har kamfanoni irin su Columbia da Odeon suka biyo sahu. Daga nan 'yan kasuwa suka gane cewa mutumin gabashin Afirka zai zaro kuɗinsa ya sayi waƙa da harshensa.

Faifan wancan zamani baƙi ne, mai nauyi, yana juyawa sau 78 a minti, in ya suɓuce ya faɗi kuwa shi ke nan ya fashe. Ana wana garmaho da hannu, a ɗora allurar ƙarfe a bakin faifan, kafin a yi nisa allurar ta dakushe a sake wata. Kowane gefe ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku. Wannan iyaka ta sauya fasalin waƙa. Taarab ɗin da ake kwana ana yi a gidan biki dole aka datse shi, mawaƙan birni kuma suka koyi yin baiti biyu ko uku a kan karin da ke saurin kama kunne. A kan wannan ma'auni aka yanka Malaika.

Daga 1933 kamfanin Gramophone ya fara sayar wa Afirka faya-fayan kiɗan Kyuba. Sun shiga Kongo, sun shiga Mombasa da Darussalam, suka koya wa matasa takun rumba mai sanyi. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya ƙara hura wutar. Ingila ta ɗebi samari daga Kenya da Tanganyika da Uganda a rundunar King's African Rifles, suka yi yaƙi a Habasha a 1941, daga baya aka kai su Bama, ƙasar da sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu da Hausawa masu yawa, su ma suka zubar da jini. Rundunar tana da sashen nishaɗi mai yi wa sojoji wasa, kuma a can ne irin su Fundi Konde, ɗan yankin bakin tekun Kenya, suka goge a jita da tsarin kiɗan ƙungiya. Da aka sallame su suka dawo gida da sabon hannu, suka tarar da birnin da ke ƙishirwar abin saurare.

1945 zuwa 1959: Nairobi, da abin da ake faɗa

Nairobi ta bayan yaƙi birni ne da Turawan mulkin mallaka suka raba gida uku. Turawa na da unguwanninsu, Indiyawa na da nasu, baƙar fata kuma an tura su gabashin gari, irin su Pumwani, kowane namiji yana yawo da takardar shaidar da ake kira kipande. Mafi yawan ma'aikatan samari ne da suka baro ƙauye su tara abin aure, albashin kuwa da ƙyar yake kai su ƙarshen wata. Waƙar da ke cewa ina sonki amma talauci ya kayar da ni, bayanin rayuwar dubban mazauna waɗannan unguwanni ce. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne mutum fiye da ɗaya ya ce daga zuciyarsa ta fito.

A nan ne tarihin baka ya fara magana. Labarin da ya fi ƙarfi a Tanzaniya shi ne na Adam Salim, mawaƙi ɗan Tanganyika. Ya ce shi ya haɗa waƙar a 1945, lokacin yana zaune a Nairobi, saboda wata yarinya da yake so. Yadda ake ba da labarin, iyayenta sun ƙi shi saboda ba shi da komai, suka aurar da ita ga wani attajiri ɗan asalin Asiya, shi kuma ya zuba baƙin cikinsa a waƙa, ya riƙa rera ta a wuraren rawa. Wannan magana ce ta Salim da waɗanda suka gaskata shi. Babu wani faifai na 1945 mai ɗauke da muryarsa yana rera ta da aka fito da shi a matsayin shaida.

Ana kuma ambaton wani mawaƙin Mombasa mai suna Lucas Tututu. Akwai masu cewa ma waƙar ta daɗe tana yawo a bakin mutanen gaɓar teku kafin kowa ya ce tasa ce. Waɗannan duka zantuka ne da aka ji daga baki, kuma kowannensu na iya ɗauke da ɓangaren gaskiya, tunda a wancan zamani waƙa tana tashi daga wannan ƙungiya zuwa waccan, wani ya ƙara baiti, wani ya gyara kari, ba wanda ke rubuta ranar da aka yi hakan.

Abin da takarda ta tabbatar shi ne yadda harkar ta bunƙasa. A ƙarshen shekarun 1940 aka kafa kamfanin ɗaukar murya a Nairobi mai tambarin Jambo. A 1952 Hugh Tracey ya ɗauki kiɗan Jean Bosco Mwenda, gwanin jita daga Katanga ta Kongo, salon yatsunsa kuma ya mamaye masu jita na Kenya. A watan Oktoba na shekarar ne gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar ta-ɓaci saboda tawayen Mau Mau, dokar da ba a ɗage ba sai a Janairun 1960. A tsawon waɗannan shekaru hukuma ta sa ido ƙwarai a kan waƙoƙin da ke da ƙanshin siyasa, musamman na harshen Kikuyu. Waƙar soyayya da Suwahili kuwa ƙofar rediyo a buɗe take gare ta, ga shi kuma harshen yana ratsa ƙabilu da iyakoki.

1959 zuwa 1963: Faifan Fadhili William

An haifi Fadhili William Mdawida a 1938 a yankin Taita na Kenya, ya tashi a Nairobi, ya yi makaranta a Pumwani. Yana saurayi ya zama mai jita da rera waƙa a ƙungiyar Jambo Boys, wadda ke yi wa kamfanin faifai aiki. Da wannan ƙungiya ya shiga ɗakin ɗaukar murya ya rera Malaika. Marubuta sun saɓa a kan shekarar, wasu na cewa 1959, wasu 1960, amma sun haɗu a kan cewa wannan shi ne faifan Malaika mafi daɗewa da aka sani ya shiga kasuwa.

Shi ma Fadhili yana da labarinsa. Ya ce ya yi waƙar ne saboda wata yarinya da ya so tun suna makaranta, wadda wani mai hali ya aure domin shi ba shi da abin biyan sadaki. Duk wanda ya jera wannan labari da na Salim zai ga kusan abu ɗaya ne, sunaye da shekaru kawai suka bambanta. A 1945 Fadhili yana ɗan shekara 7 ne. Idan maganar Salim ce daidai, to Fadhili ya taso ya tarar da waƙar ne, ya gyara ta ya kai ta faifai. Idan kuma maganar Fadhili ce daidai, to waƙar ta girmi 'yancin Kenya da 'yan shekaru kaɗan ne kawai. Fadhili bai taɓa janye maganarsa ba har ya bar duniya.

A farkon shekarun 1960 wani Baturen Ingila mai suna Charles Worrod, wanda ya zauna a Afirka ta Kudu, ya karɓi harkar kamfanin ya kafa Equator Sound Studios. Jambo Boys suka koma Equator Sound Band, ƙungiyar da ta tara gwanaye irin su Daudi Kabaka da 'yan Zambiya biyu, Nashil Pichen da Peter Tsotsi. A ƙarƙashin Worrod aka sake ɗaukar Malaika, kuma wannan ɗauka ta biyu ce ta fi yaɗuwa. Abin lura, an ruwaito shi kansa Worrod yana jingina asalin waƙar ga Grant Charo, surukin Fadhili. Ke nan ko a cikin ɗakin da aka ɗauke ta ba a kwana a kan magana ɗaya ba.

Wanda ya saurari faifan Fadhili zai ji waƙa mara hayaniya. Jita tana tafiya a hankali bisa takun rumba, murya tana bi a tausashe, babu ihu babu kuka, kamar mutum yana faɗin abin da ya riga ya haƙura da shi. Masu bibiyar tsofaffin faya-fayai sun lura cewa ɗaukar farko baiti biyu ce kawai. Baitin da ke kokawa da yadda kuɗi ke damun rai daga baya ya bayyana.

A tsakiyar kowane faifai akwai 'yar zagayayyiyar takarda. A sama tambarin kamfani, a ƙasa sunan waƙa, a ƙarƙashinsa da ƙananan haruffa sunan wanda ya haɗa ta, sannan lambar faifan. Wannan ɗan layi na ƙananan haruffa shi ne abin da kamfanonin duniya da ƙungiyoyin tattara haƙƙin mawaƙa suke dubawa idan za su biya. Sunan Fadhili William ne ya hau kansa, kuma daga wannan rana dokar haƙƙin mallaka shi ta sani.

1963 zuwa 1966: Makeba da Belafonte

Tanganyika ta sami 'yanci ranar 9 ga Disamba 1961, Kenya kuma ranar 12 ga Disamba 1963. Cikin manyan baƙin da suka yi wasa a bikin Kenya akwai Harry Belafonte da Miriam Makeba. Belafonte ya riga ya san 'yan siyasar ƙasar, domin yana cikin waɗanda suka ba da kuɗi a shirin Tom Mboya na kai ɗaliban gabashin Afirka karatu Amurka a 1959. Makeba kuwa, haifaffiyar Johannesburg a 1932, tana gudun hijira ne. Ta bar Afirka ta Kudu a 1959, a 1960 gwamnatin wariyar launin fata ta soke fasfonta ta hana ta zuwa jana'izar mahaifiyarta, a 1963 kuma ta tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shaida a kan zaluncin da ake yi wa mutanenta. Ana cewa a ziyararta ta gabashin Afirka ta koyi Malaika, wasu ma suna cewa Mboya ne ya koya mata. Wannan zance ne da ake yi, ba rubutaccen abu ba.

Rubutaccen abu shi ne faifan da kamfanin RCA Victor ya fitar a 1965 mai suna An Evening with Belafonte/Makeba. Mafi yawan waƙoƙinsa da harsunan kudancin Afirka ne, kuma da yawansu na gwagwarmaya ne: kukan ƙasar da aka ƙwace, kukan shugabannin da aka ɗaure, har da wadda ke yi wa firaminista Verwoerd kashedi. Waƙoƙi biyu kacal suka rera tare, ɗaya daga ciki ita ce Malaika. A 1966 faifan ya ci kyautar Grammy a rukunin waƙoƙin gargajiya, Makeba ta zama mawaƙiyar Afirka ta farko da ta samu wannan kyauta.

Zaman Malaika a tsakiyar waƙoƙin gwagwarmaya ya ƙara mata nauyi. Mai sauraro a Amurka ya ji ta a matsayin muryar nahiyar da ke neman 'yanci, alhali a Nairobi waƙar saurayi ce da aljihunsa ya gaza. Haka kuma da namiji da mace suka rera ta suna karɓa wa juna, sai ciwon ya zama na mutum biyu. A shekarar ta 1965 Pete Seeger, wanda ya ratsa gabashin Afirka a rangadinsa na duniya, shi ma ya sa ta a faifansa Strangers and Cousins na kamfanin Columbia.

Shigar waƙar rukunin gargajiya ta zo da wata illa. A idon masana'antar waƙa ta Turai da Amurka, waƙar Afirka da aka tsinto a tafiya ana yawan ɗaukar ta a matsayin ta kowa, mai sabon tsari ya rubuta sunansa ya karɓi kuɗi. An riga an ga haka a kan Solomon Linda na Afirka ta Kudu, wanda ya ɗauki Mbube a 1939, waƙar ta koma hannun Seeger da wasu ta tara dukiya mai yawa, shi kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006 iyalansa suka samu sulhun da ya ba su kaso. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Malaika ma ba ta tsira gaba ɗaya ba, domin an sha gabatar da ita a matsayin waƙar gargajiya mara mai ita.

1967 zuwa 1977: Suwidin, Konakiri da rufe iyaka

A 1967 wata ƙungiyar samari mai tashe a Suwidin, Hep Stars, ta tafi Kenya domin yin fim mai suna Habari Safari. Fim ɗin bai kammalu ba, ya kuma jefa su cikin bashi, amma sun dawo da Malaika. Suka ɗauke ta da Suwahili, ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin ƙasar. Mai kaɗa musu piyano shi ne Benny Andersson, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin mutum huɗu na ABBA. Wannan ne ya nuna wa kamfanonin Turai cewa karin waƙar kaɗai ya isa ya sayar da faifai, ko mai saye bai san abin da ake faɗa ba.

Ita kuwa Makeba, aurenta da Stokely Carmichael, jagoran gwagwarmayar baƙaƙen fata, a 1968 ya sa an soke mata wasanni da kwangiloli a Amurka. Ta koma Gini bisa gayyatar shugaba Sekou Toure, ta ci gaba da aiki da makaɗan ƙasar da kamfanin gwamnati na Syliphone. A farkon shekarun 1970 aka ɗauki wasanta a zauren Palais du Peuple na Konakiri, kuma Malaika na cikin abin da ta rera, wannan karon ita kaɗai, a hankali, da jitar Gini a bayanta. Mutane da yawa sun tashi suna zaton waƙar tata ce. A 1977 ta zo Legas ta yi wasa a bikin FESTAC a matsayin ɗaya daga cikin manyan muryoyin nahiyar.

A wajen gabatar da waƙar a dandali, Makeba ta ce waƙar Tanzaniya ce. Wannan kalma ɗaya, da aka ɗauka a faifai aka yi ta maimaitawa, ta zama hujja a hannun 'yan Tanzaniya, ta kuma zama abin takaici ga 'yan Kenya. Siyasar lokacin ta ƙara wa gardamar zafi. Tanzaniya, wadda ta samu daga haɗewar Tanganyika da Zanzibar ranar 26 ga Afrilu 1964, ta bi tafarkin gurguzu na Julius Nyerere, Kenya ta Jomo Kenyatta ta bi na jari-hujja. A 1977 Ƙungiyar Gabashin Afirka, wadda Kenya da Tanzaniya ke ciki, ta rushe, aka rufe iyakar ƙasashen biyu har zuwa 1983. Waƙar da aka haifa a zamanin da mawaƙi ke tashi daga Tanga ko Mombasa ya sauka Nairobi ba tare da wani shamaki ba, sai ga shi ana neman a ba ta fasfo na ƙasa ɗaya.

1981 zuwa 1993: Disko, kaset da fim ɗin Indiya

A 1981 Frank Farian, Bajamushen da ya kafa ƙungiyar Boney M., ya sa suka ɗauki Malaika a faifansu Boonoonoonoos. An ƙara mata sauri da ganguna da amshin muryoyi da yawa, ta koma waƙar rawa. Wanda ya san ma'anarta zai iya jin cewa an cire mata baƙin cikin da ke cikinta, amma wannan ɗaukar ta kai ta kunnuwan da ba su taɓa jin Fadhili ko Makeba ba, tunda a lokacin Boney M. na cikin ƙungiyoyin da aka fi saurare a Turai da Afirka da Asiya.

Zamanin kaset ne kuma. Duk mai rikoda biyu yana iya kwafar waƙa ya sayar a kasuwa, ba tare da sisin kwabo ya koma wa mawaƙi ko kamfani ba. Kaset ya yaɗa Malaika fiye da yadda faifai ya taɓa yi, ya kuma karya kamfanonin da ke Nairobi, waɗanda suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. A 1983 aka kafa ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙa ta Kenya. A cikin waɗannan shekaru ne Fadhili ya tafi Amurka, inda ya daɗe kafin ya dawo gida a shekarun 1990.

A 1991 Angelique Kidjo ta Jamhuriyar Benin, wadda ta sha faɗin cewa Makeba ce abin koyinta tun tana yarinya, ta sa Malaika a faifanta Logozo. A tsakiyar waƙoƙin rawa masu ƙarfi, ta rera ta da murya da jita ba tare da tarkace ba, ta mayar da ita kusa da sanyin da aka san ta da shi tun farko. A Indiya kuma Usha Uthup, wadda ta yi wasanni a Nairobi, ta daɗe tana rera ta. Masu kallon finafinan Indiya da suka ga Damini na 1993 da yawansu sun ji karin Malaika a ɗaya daga cikin waƙoƙin soyayyar fim ɗin, wadda Kumar Sanu da Alka Yagnik suka rera. Bombay ɗin da aka kai Siti binti Saad a 1928 domin a ɗauki waƙar Suwahili, ita ce bayan shekara 65 ta ari karin Suwahili ta sa masa baitocin Hindi.

2001 zuwa yau: Abin da ya tabbata

Fadhili William ya rasu a Nairobi a Fabrairun 2001. Ya yi wasu waƙoƙin da suka yi tashe a ƙasarsa, amma da Malaika aka fi saninsa, kuma bai bar dukiyar da ta yi daidai da nisan da waƙar ta yi ba. A shekarar ce Kenya ta sake dokar haƙƙin mallakarta, Tanzaniya kuma ta riga ta yi tata sabuwa a 1999. Dokokin sun zo a makare ga mutanen da suka gina harkar. Makeba ta koma gida a 1990 bayan an saki Nelson Mandela, ta rasu a Nuwamban 2008 a Italiya, jim kaɗan bayan ta sauka daga dandali a garin Castel Volturno.

Idan aka tace, ga abin da ya rage a faifai da takarda. Fadhili William ne ya fara kai Malaika kasuwa a faifai, wajen 1960, kuma shi ake lissafawa a matsayin mai ita wajen biyan haƙƙi. Makeba da Belafonte ne suka fitar da ita daga gabashin Afirka a 1965. Sauran, daga Hep Stars zuwa Kidjo, kowa ya ɗauka ya ƙara mata masu saurare. Maganar Adam Salim da ta Grant Charo da ta Lucas Tututu suna nan a matsayin da'awa da ruwaya, ba a tabbatar da su ba, ba a kuma rushe su ba.

Rashin faifai ba ya nuna cewa mutum ƙarya yake yi. A 1945 baƙar fata kaɗan ne ƙwarai ke da hanyar shiga ɗakin ɗaukar murya, kuma Bature ko Ba'indiye mai kamfani ne ke zaɓar wanda zai shiga. Haka kuma ba adalci ba ne a rage wa Fadhili daraja, domin ko da a ce ya tarar da waƙar ne, muryarsa da tsarinsa ne suka tsayar da ita a siffar da duniya ta karɓa. Abin da ya kamaci duk mai rera Malaika ko mai sa ta a rediyo shi ne ya ambaci Fadhili William a matsayin wanda ya fara ɗaukar ta, ya kuma faɗi cewa akwai Adam Salim da wasu da suka ce ta girme shi. Wajibi ne kuma a kan gidajen rediyo da ɗakunan adana tarihi na Afirka su tattara tsofaffin faya-fayan da suka rage, su zauna da dattawan mawaƙa tun suna da rai, su rubuta wa ya haɗa me, a wace shekara, daga bakin wa ya ji. Da an yi wa mawaƙan Nairobi wannan aiki a shekarun 1950, da yau Kenya da Tanzaniya ba sa jayayya a kan waƙar da ya kamata ta haɗa su.